Takobin da Aka Goge wa Suna

An goge rubutun da ke bayan takobin gaba ɗaya, tsawon taƙi guda, ba a bar ko harafi ɗaya ba. Mumuni maƙeri ne ya goge shi, ranar Talata sha shida ga Janairun 2024, a maƙerarsa da ke Dogon Marke, wani ƙauye a gundumar Gazawa. Da magagari da dutsen washi ya yi aikin, daga hantsi zuwa azahar, kuma ya yi shi da kyau. Mai takobin, Malam Hashimu na Agiye, yana Maraɗi a lokacin, kwana huɗu da yi masa aikin ido. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana neman takobin nan, wata huɗu ya yi a hannunsa, bai taɓa karanta rubutun ba. Babu kuma wani da ya karanta.

Malam Hashimu shekararsa sittin da takwas. Ya koyar a lakol, makarantar boko, shekara talatin da ɗaya, goman ƙarshe yana shugabanta, shi ya sa har yau mutanen Agiye Darakta suke ce masa. A ɗakin da ke jikin zaurensa akwai takubba tara rataye a bango, kowanne da ƙusarsa. Ba irin namu ba ne miƙaƙƙu masu kaifi biyu. Lanƙwasassu ne, kaifinsu ɗaya, irin na sojan dokin Turai. Waɗansu sun shigo ƙasar nan tare da sojan Faransa, waɗansu ta hannun fatake. Ya samo su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara ashirin, a rumbunan mutane da ƙarƙashin gadajen tsofaffi.

Kaifin bai dame shi ba. Bayan takobin yake dubawa, gefen da ba ya yanka. A nan Faransawa kan zana sunan maƙerar da ta yi shi, da wata, da shekara, da siririn rubutu mai haɗe da juna. Kusa da mariƙin kuma akwai ƙananan haruffa cikin zobe, tambarin waɗanda suka duba aikin kafin ya fita. Da waɗannan, da littattafai biyu da wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa daga Yamai, Malam Hashimu kan gano garin, da shekarar, wani lokaci har sunan mutumin da ya ɗauki takobin ya lanƙwasa ya ce ya yi. Duka taran nan daga gari ɗaya suka fito, Châtellerault, kuma ba wanda ya girmi shekarar 1870.

Na goma dabam yake. Ya fara ganinsa a 2012, a rugar wani dattijo, Ardo Garba, arewa da Gidan Rumji, inda ya je duba wata lakol ta makiyaya. Ruwan takobin ya fi na sauran faɗi, lanƙwasarsa ta fi zurfi, mariƙin farin ƙarfe ya yi baƙi. Tsatsa ta rufe bayan, amma da ya bi shi da farce ya ji rubutu a ƙarƙashi. Ya yi zaton aikin Klingenthal ne, tsohuwar maƙerar da ke yi wa sojan Faransa takubba kafin a mai da aikin Châtellerault. In haka ne, takobin ya kusa shekara ɗari biyu ko ya wuce. Zato ne kawai, kuma ya san zato ne.

Ardo Garba ya ƙi rabuwa da shi. Na kakan kakansa ne, ya ce, daga arewa ya zo da shi, bai san fiye da haka ba. Malam Hashimu bai matsa ba. Kowace shekara bayan kaka yakan je da goro da sukari, ya sha nono, ya roƙi a fito da takobin ya gani, ya koma. Ardo ya rasu a damanar 2023. A watan Satumba matarsa Kadi ta aiko da takobin naɗe cikin tsohuwar tabarma, da saƙon cewa marigayi ya ce a ba malamin nan da ba ya gajiya.

Lokacin yanar ido ta riga ta rufe idon Malam Hashimu na dama, na hagun ma ba ya raba haruffa. Likita a Maraɗi ya sa masa ranar aiki a Janairu. Sai ya riƙa ɗaga tsatsar da hannu, kowace safiya, da man keken ɗinki da tsinken kara, faɗin yatsa ɗaya a rana, ba ya sa ƙarfe don kada ya ji wa rubutun ciwo. Kafin ƙarshen Disamba haruffan sun fito, yana jin su da farce, ba ya ganinsu. Yana iya kiran kowane malamin lakol a Agiye ya karanta masa cikin minti ɗaya. Bai kira ba, bai kuma bari a ɗauki hoto ba. Shi yake so ya fara karantawa da idonsa.

Bai gaya wa kowa darajar takobin ba, har matarsa Rakiya. Sau biyu dillalan tsofaffin kaya daga ƙetaren iyaka suka zo ƙofarsa suna tambaya, tun daga nan ya daina magana. Ran da Rakiya ta same shi yana shafa masa mai, ta ce wannan kuma wane iri ne, ya ce mata, “Tarkace ne. Ina rage zaman banza.” Bai ma rataye shi a bango ba. A kan tebur yake, cikin tsumma.

Ya tafi Maraɗi ranar Alhamis sha ɗaya ga wata, aka yi aikin Juma’a, ya zauna gidan ’yarsa yana jiran a sake duba shi.

Ranar Asabar da hantsi Safiyanu ya iso Agiye a kan moto, wato babur. Ɗan ƙanin Rakiya ne, kuma shi ne sakataren kwamitin kokowar bayan kaka da ’yan kasuwar Gazawa suke shiryawa. A kokowa takobi ake ba wanda ya kada kowa. Abin da ya biyo baya Rakiya da Safiyanu duk sun faɗe shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

“Gwaggo, asirina yana hannunki,” in ji shi, tun bai kashe moton ba.

“To sauko, asirin ya sha ruwa.”

Ya ce takobin da suka sa a yi musu a Agadas bai iso ba, motar ta lalace a hanya, gobe kuma ake kokowar ƙarshe, an gayyato mutane daga gundumomi uku.

“Aro ne, Gwaggo. A ɗaga shi a fili, a ɗauki hoto. Litinin namu ya iso, mu musanya, in maido.”

“Ka san Malam da kayansa.”

“Na sani. Shi ya sa ban zo ba sai da ba ya nan.”

Ta kira ’yarta a waya. ’Yar ta ce Baba yana barci, likita ya ce kada a dame shi. Rakiya ta ɗauko mabuɗi ta buɗe ɗakin. Safiyanu ya miƙa hannu ga wani mai ƙyalli a tsakiyar bango.

“Cire hannunka. Wannan ko ƙuda bai yarda ya sauka a kansa ba.”

Ta bi taran da ido, ba ta ga wanda za ta iya taɓawa ba. Sai ta juya ga tebur, ta ɗauki na cikin tsumman.

“Ungo wannan. Ko ƙusa bai samu ba. Da bakinsa ya ce mini tarkace ne.”

“Haba Gwaggo, wannan ai sai a ce daga rijiya aka tsamo shi.”

“In ba ka so aje.”

Ya ɗauka. Da yamma ya goge kuben da toka da lemun tsami, ya ɗaura masa jar hamila, ya naɗe mariƙin da jan ƙyalle. Bai zare takobin ba, bai kuma gaya wa mai sanarwa a lasifika cewa na aro ba ne.

Ranar Lahadi Ɗantala na Dogon Marke ya kada abokin karawarsa cikin minti huɗu. Shugaban kwamiti ya ɗaga takobin sama ya juya da shi gabas da yamma, mai sanarwa ya ce daga yau na Ɗantala ne, shi da ’ya’yansa da jikokinsa. Mutanen Dogon Marke suka saɓa gwaninsu a kafaɗa, da takobin a hannunsa, har bakin mota. Akwai hotuna fiye da ɗari na wannan lokacin a wayoyin mutane. A cikinsu duka takobin yana cikin kube.

Litinin sabon takobin ya iso daga Agadas, da kube na jar fata da ado. Safiyanu ya kai shi Dogon Marke da kansa. Ya tarar da Ɗantala a gindin marke, mutane kewaye da shi.

“Ga naka na gaskiya,” in ji Safiyanu. “Wancan na riƙon ƙwarya ne.”

Ɗantala ya karɓa, ya juya shi, ya yaba, ya miƙa masa.

“Wanne anka ɗaga a fili?”

“Wancan.”

“To wanga wa ya gan shi?”

“Ai ya fi kyau, Ɗantala. Dube shi.”

“Ya fi kyau. Kai wa wanda na kada, shi ma ya samu na ratayawa.”

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce wa Safiyanu takobin da aka ɗaga a gaban jama’a ba a musanya shi, in an musanya to an ce kayen bai yi ba ke nan. Safiyanu ya koma Gazawa da niyyar ya dawo da manya ranar Laraba. Bai kira Rakiya ba. Washegari Ɗantala ya kai takobin maƙera.

Malam Hashimu ya dawo Agiye ranar Laraba bayan la’asar, da baƙin tabarau. Idon ya buɗe. A hanya, in ji ’yarsa da ta rako shi, ya karanta duk allon da suka wuce, da ƙarfi, har sauran fasinjoji suka fara taya shi. Da ya shiga gida bai zauna ba, bai sha ruwan da aka kawo ba. Ya karɓi mabuɗi ya shiga ɗakin. Tsumman yana kan tebur, a ninke.

“Rakiya.”

“Na’am, Malam.”

“Ina na nan?”

“Au, tarkacen? Safiyanu ya ara, na kokowa. Kada ka damu, ban bar shi ya taɓa masu kyan ba, ko ɗaya.”

Ya cire tabarau ya dube ta. Ta ce a shekara arba’in da aurensu ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ran da aka ce mahaifinsa ya rasu.

“Malam, kai ka ce mini tarkace ne.”

“Ni na ce.”

“To mene ne?”

Ya gaya mata, a tsaye, cikin jimla uku ko huɗu. Ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka.

“Zuwa Gidan Rumjin nan duk shekara, dama don shi ne?”

“Don shi ne.”

“Shekara goma sha ɗaya ina ƙulla maka sukari, ba ka ce mini komai ba.”

Ya ce a kira masa Safiyanu.

Likita ya hana shi hawa moto sati biyu. Ranar Alhamis da sassafe ya hau bayan Safiyanu, ya rufe fuska da rawani, suka bi hanyar Gazawa suka ratse zuwa Dogon Marke. A hanya Safiyanu ya yi ta cewa takobin yana nan lafiya, ya gan shi Litinin da idonsa, abin da ya rage a lallashi yaron kawai. Ba su san an kai shi maƙera ba sai da suka isa, wata mata a bakin rijiya ta nuna musu rumfar Mumuni ta ce ai can ake kallonsa tun shekaranjiya.

Mumuni dattijo ne, ya kai sa’ar Malam Hashimu, shi ne sarkin maƙeran ƙauyen. Ya tashi daga bakin wuta ya shimfiɗa musu buhu, aka gaisa, aka aika a kira Ɗantala. Da Safiyanu ya ce wannan shi ne mai takobin tun asali, fuskar Mumuni ta washe.

“Alhamdu lillahi. To yau ka ga kayanka yadda ya kamata shi zama. Malam, ba don in ɓata maka ba, amma kun wulaƙanta ƙarfen nan. Ƙarfe ne! Shekara hamsin ina ƙira, ban taɓa sa magagari a kan irinsa ba. Guda biyu ya cinye mini.”

“Magagari,” in ji Malam Hashimu.

Ɗantala ya iso da takobin a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida baƙi, ya miƙa shi da hannu biyu. Mariƙin farin ƙarfen yana ƙyalli. Inda hannu ke kamawa an rufe shi da sabuwar jar fata, an ɗinke. Malam Hashimu ya fita da shi daga rumfar zuwa rana. Ya cire tabarau, ya ciro madubin ƙara girman rubutu daga aljihu, ya zare takobin, ya juya bayan sama.

Ƙarfen fari fat, sumul kamar cokali. A inda rubutun yake an sassaƙa manyan haruffa da kurfi: DANTALA 2024. Harafin N a juye yake.

Ya bi wurin da farcen babban yatsa, daga gindi zuwa sama, ya dawo. Ya juya gefen ruwan, kusa da mariƙi, inda ƙananan tambura suke. Nan ma an share. Ya sake bin bayan da farce. Sai ya zauna a ƙasa, a cikin rana, takobin a kan cinyarsa.

“Ko ban yi daidai ba?” in ji Mumuni. “Ni ban iya boko ba. Daga takardar da kwamiti ya ba shi na kwafa, ɗaya bayan ɗaya.”

Takardar, Safiyanu ne ya rubuta ta da hannunsa.

“Akwai rubutu a nan,” in ji Malam Hashimu.

“Akwai. Na Nasara, siriri, kamar sawun kiyashi.”

“Ka gan shi.”

“Ƙwarai. Ai wani ya riga ya share mini hanya, tsatsar wurin duk an ɗaga. Na ce ko wane ne, Allah shi yi masa albarka.”

“Ka gan shi, ka goge.”

“To Malam, mi za a yi? Sunan mai shi na da ne. Yaro ya kada maza goma sha biyu, shi ratayo takobi da sunan wani ƙato a kai? In an tambaye shi shi ce mi? Ko garma ka saya a hannun wani, ai ka kan cire alamarsa.”

“Ba sunan mai shi ba ne.”

“Na wa ne?”

“Na maƙeran da suka yi shi. Da garinsu, da shekarar.”

Mumuni ya dubi takobin, ya dubi magagarin da ke kan buhu. Ya zo ya tsuguna gaban Malam Hashimu.

“Maƙera?”

“Maƙera irinka.”

“Inna lillahi. Na goge sunan maƙeri?”

“Kai ka faɗa.”

“Wallahi da na sani ko da bindiga ba a sa ni. Mu ba mu taɓa alamar ɗan’uwa. Ɗantala! Ka ji abin da ka sa ni?”

“Ni cewa na yi a gyara, Baba Sarki. Ban ce a goge ba, ban ce a bari ba.”

Malam Hashimu ya ɗago kai ya dubi ɗan kokowar.

“Ka yi lakol?”

“Aji biyu, Baba. Sai aka ce na fi ƙarfin benci.”

“Ka duba rubutun kafin a goge?”

“Na duba.”

“Me ka gani?”

Ɗantala ya yi tunani sosai, ya rufe ido.

“Akwai ɗaya. Akwai takwas a gabanta.”

“Sai me?”

“Sai waɗansu.”

“Duk takobin da ke ɗakina da ɗaya da takwas ya fara,” in ji Malam Hashimu. Ya mai da tabarau.

Safiyanu ya fara ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne, ya ce in Baba Darakta ya yarda yanzu ya je buron jandarma, ofishin jami’an tsaro, a Gazawa a karɓo masa kayansa, tunda aro ne kuma akwai shaida. Mutanen da suka taru bakin rumfar suka fara gunaguni. Malam Hashimu ya ce wace shaida. Safiyanu ya ce Gwaggo. Malam Hashimu ya ce ba za a kira matarsa gaban jandarma ba a kan maganar da shi ya faɗa mata. Ya ƙara da cewa abin da yake nema a jikin takobin ba ya nan, ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

Ya miƙa wa Ɗantala takobin, ya dafa ƙasa zai tashi. A nan Mumuni, wanda tun ɗazu yake tsugune yana jan gemu, ya yi magana.

“Na ciki ma nasu ne?”

“Wane na ciki?”

“Na wutsiya. Da na cire mariƙin don a sake fata, ai tsohuwar ta ruɓe, na ga wata alama a jikin wutsiyar ƙarfen, wadda ke shiga cikin ƙota. Ba zane ba ne irin na waje. Bugawa anka yi, da ƙarfen yana ja. Wannan hannun maƙeri ne, na san shi.”

Malam Hashimu ya koma ya zauna. Littattafansa sun ambaci wannan: wanda ya buga ruwan takobin da hannunsa yakan sa tambarinsa a wutsiya, inda mariƙi zai rufe. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba, don bai taɓa yarda a kwance mariƙin takobinsa ba.

“Ka goge shi?”

“Don mi? Wa zai gani?”

“Yana nan?”

“Shina nan yadda na same shi. Guda biyu ma, babba da ƙarami.”

“Zana mini.”

Mumuni ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana zobe, ya sa wani abu kamar ƙugiya a ciki, da ɗigo a sama. Ya duba, ya ce a’a, ya share. Ya sake zanawa, wannan karon ƙugiyar ta kalli hagu, ɗigon ya zama tauraro. Ya ce ko kuwa biyu ne a haɗe. Na uku bai yi kama da na farko ba ko kaɗan.

“Malam, kada in yi maka ƙarya. Sau ɗaya na kalla. In an buɗe ka gani da idonka, aikin rabin yini ne, kuma in mai da shi kamar ba a taɓa ba.”

Duk suka juya ga Ɗantala. Ya riƙe mariƙin da hannu biyu, ya ja da baya taki ɗaya.

“Ba a buɗewa.”

“Don Allah, Ɗantala,” in ji Safiyanu. “Dattijo ne. Kallo ɗaya.”

“Kai dai yi shiru, sakatare, kai ka haɗa wannan duka. Baba, ka yi haƙuri. Akwai laya ciki. Malamina ya rubuta, a gabana anka naɗe ta a jikin wutsiyar, baduku ya ɗinke. Ya ce ran da iska ta taɓa ta, ta tashi aiki.”

Mumuni ya tabbatar, shi ya riƙe ƙarfen ana naɗawa.

“A sake rubuta wata,” in ji Malam Hashimu.

“Ba a yi wa takobi ɗaya sau biyu. Haka ya ce.”

“In ba ka biyu daga cikin nawa. Ka zo Agiye ka zaɓa da hannunka.”

“Wa ya gan su a fili?”

Malam Hashimu bai sake tayi ba. Ya tambaya, da murya ƙasa ƙasa, ko akwai ranar da za a iya buɗewa. Ɗantala ya daɗe yana kallon jar fatar.

“Ran da anka kada ni,” ya ce. “Ran nan ta riga ta tashi aiki da kanta. Ka zo da Baba Sarki ku buɗe, ka kalla har ka gaji. Na yi alkawari gaban mutanen nan.”

“Kai, bakinka!” in ji wata tsohuwa daga bayan taro. “Wa zai kada ka?”

“Ai shi ya sa na yi alkawarin, Inna.”

Aka yi dariya, ban da mutum uku.

Malam Hashimu ya koma Agiye ranar, idon ya yi ja, sai da aka mai da shi Maraɗi aka sake wanke shi. Rakiya ta ba shi mabuɗin ɗakin ta ce kada ya ƙara barin shi a hannunta. Safiyanu ya ajiye aikin sakatare. Takobin Agadas yana buron kwamiti, ba wanda ya karɓa. Mumuni ya zo Agiye sau ɗaya, ranar kasuwa, ya roƙi a nuna masa sauran taran. Ya sa aka karanta masa bayan kowanne, yana maimaita sunan garin har ya iya faɗa, bai yarda ya taɓa ko ɗaya ba.

Tun daga watan Fabrairun 2024 Malam Hashimu bai rasa kokowar da Ɗantala ya shiga ba. Ya je Tasawa, ya je Cadakori, ya je Sae Sabuwa, ya je Gidan Rumji sau biyu. Yakan zauna a bencin gaba da baƙin tabarau, ba ya tafa hannu, ba ya magana, in an gama ya tashi. Mutanen Dogon Marke sun lura duk ran da ya zo gwaninsu ba ya daɗewa a fili, don haka yanzu su suke aiko masa da mota, makaɗa kuma sun sa sunansa a kirarin Ɗantala. An tambaye shi wa yake goyon baya, ya ce kallo ya zo.

Karawa talatin da ɗaya ke nan a gaban idon Malam Hashimu. Ɗantala shekararsa ashirin da biyar, kuma har yau ba a kada shi ba.